Watan Da Aka Ce Na Yi Yaji

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a danginmu, kuma na san ta iso kunnuwanku tun kuna ƙanana, ko da yake babu wanda ya taɓa tarata da ita a cikinku. Ana cewa wata shekara, zamanin mulkin soja, na yi wa babanku yaji, na bar ku ku uku a Yamai na tafi ƙauyenmu na Kurfai wata guda cur, har abin ya jawo mini asarar tafiya Faransa. Gwaggonku Hawa ce ta fara faɗa, Allah ya jiƙanta, kuma ba da mugunta ba. A saninta, in mace ta ɗauki jaka ta nufi gidansu ba biki ba mutuwa, to yaji ne. Babanku ya rasu bai gyara maganar ba, don shi mutum ne da bai iya kare kansa da baki ba. Ni zan gyara ta yanzu tun ina da sauran hankalina. Ban yi yaji ba, gajiya na yi.

A lokacin ni ce shugabar ungozomomin likita, waɗanda ake ce wa sajfam, a wani babban gidan haihuwa na Yamai. Mu kaɗan ne, matan kuwa ba su yankewa. Zamani ne da shugaban ƙasa da kansa yake iya faɗowa wurin aiki da sassafe ba sanarwa, ya tsaya bakin ƙofa yana duban agogo, wanda ya makara ya shiga uku. Ba zan ce wannan bai gyara wasu abubuwa ba, ya gyara. Amma ya koya mana wani irin tsoro, har mutum ya riƙa jin kunyar neman konje, wato hutun shekara da doka ta ba shi, kamar sata zai yi. Ni kuma da ƙarin nawa. Ina cikin 'yan matan farko na yankinmu da aka kai lakkwal, wato makarantar boko, suka daɗe, kullum ina ji a jikina cewa in na zauna za a ce ga shi nan, da ma mace ba ta iyawa. Shekara tara na yi, sau ɗaya na ɗauki konje. Shi ma Lome muka je bakin teku, don abin da manyan ma'aikata suke yi ke nan a lokacin. Kwana goma muka yi, takwas a kasuwa na ƙare su ina neman atamfa da takalma na tsarabar dangi da abokan aiki, kowa da launin da ya ce. Teku sau biyu na gan shi. Na dawo da jakunkuna biyar da ciwon kai, kowa yana ce mini barka da hutawa.

Abin ya same ni a shekarar da ta biyo bayan babban fari. Shekarar farin kanta mun ga abin da ba na son tunawa, mata suna zuwa daga sansanonin bayan gari ƙashi da fata, da ciki a gaba. Mun wuce wannan ban faɗi ba. Sai da ruwa ya dawo, aiki ya ɗan lafa, sannan jikina ya ce ya isa. Wata safiya na karɓi haihuwa mai sauƙi, yaro namiji lafiyayye. Na ɗauki zare zan ɗaure cibiya, abin da na yi sau dubbai, sai hannuna ya kama rawa. Na sa zaren ya zame, na sake sawa ya zame. Hamsatu, wata tsohuwar ungozoma Bazabarma da ta girme ni nesa, ta matso a hankali ta karɓa ta ɗaure, ba ta ma dube ni ba. Na fita na zauna a kan benci. Abin da ya fi ba ni tsoro ba rawar hannun ba ce. Na lura yaron ya yi kuka ban ji komai a zuciyata ba, kuma da na yi tunani sai na ga an daɗe rabon da in ji.

Babban lokotoro, wato daktanmu, ya auna ni, ya ce jinina ya hau, ya rubuta mini hutun wata guda, ya ce in na dawo kafin ya cika shi da kansa zai kore ni. Babanku ya yi murna, ya fara shirin mu koma Lome, ya ce wannan karon ba kasuwa. Na ce masa gida nake so. Ya ce ai gida muke. Na ce gidan Inna. Sai ya tambaye ni ko ya yi mini wani laifi ne. Na rantse masa babu. Washegari shi ya kai ni tasha, shi ya riƙe mini jaka, ya kirawo gwaggonku Hawa ta zo ta zauna da ku. Hadiza, ke kina aji uku, kin tsaya bakin ƙofa ba ki yi kuka ba, kina kallona kawai. Wannan kallon na tafi da shi.

Motar haya ta bi da mu ta Baleyara, ranar ta dace da kasuwa, muka yi awa biyu ana sauke buhuna ana ɗora awaki. Da muka wuce Bonkuku muka shiga kwarin dallol sosai, ga goruba, ga gawo, ga hatsi ya nuna hagu da dama har gindin duwatsu, sai na ji wani abu ya kwance a ƙirjina. Daga Filinge yayana Garba ya ɗauke ni a amalanken jaki. Shekara huɗu rabona da garin. Duk zuwan da na yi kafin nan na gaisuwar mutuwa ne, in zo da hantsi in juya da la'asar.

Inna tana bakin rumbu tana tsince wake. Ta ɗaga kai ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ba ta tashi ba.

"Abu, wa ya mutu?"

Na ce babu kowa.

"To mi ya kawo ki?"

Na buɗe baki in yi mata bayanin hawan jini da takardar lokotoro, sai kuka ya zo mini, irin wanda rabona da shi tun ina yarinya. Ta bar ni na yi har na gaji. Sannan ta kira Hajo matar Garba ta ce ta share ɗakin da ke bayan nata, ta dama mini hura da nono mai yawa.

Kwana uku na farko barci na yi ta yi. Ina tashi in yi salla, in sha hura, in koma. Sai daga baya na ji abin da ya faru a waje. Labari ya bazu cewa lokotoron Yamai ta zo, mutane suka fara taruwa tun da safe, mai ciwon ido, mai ciwon baya, mai yaro da zazzaɓi, har daga rugagen Fulani. Inna ta ɗauko kujerarta ta dasa a bakin zaure. Hajo ta ce duk wanda ya zo amsa ɗaya yake samu.

"Babu lokotoro gidan ga. Ɗiyata ta, kuma kwana take. Ku tahi Hilinge, likita na nan buɗe."

Wasu sun ji haushi, har wata ƙanwar babana ta ce boko ya sa mun fi ƙarfin dangi. Inna ba ta kula ba. Da na samu labari na ce mata bai kamata ba, ko duba su ne in yi. Ta ce rijiya ma in aka yi ta ja ba a bari ta taru, laka ake ɗebowa.

Ba na jin zan iya gaya muku abin da na yi a watan nan, don ban yi komai ba, kuma shi ne abin da nake kewa har yau. Da safe nakan bi Hajo gona, ba don aiki ba, Garba ya hana a ba ni magirbi. Ina zama ƙarƙashin wata aduwa ina kallon maza suna yankan zangarniya suna ɗaure damma. Hajo takan gasa mini tumu a wutar kara, in murje a tafin hannu in hure in ci, yana da zaƙin da babu shi a wani abinci na birni. Da rana Inna takan kwaɓa kopto, wato kwaɗon ganyen tafasa da ƙuli-ƙuli, mu ci a ƙwarya ɗaya. Wata rana ta kwance mini kai, ta ce kitson Yamai ya cinye mini gaban goshi, ta wanke, ta shafa man shanu, ta yi mini irin na 'yan matan Kurfai da ta saba yi mini kafin a kai ni lakkwal. Kaina yana kan cinyarta tun azahar har inuwa ta juya. Tana kitso tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba, wa ya auri wa, rijiyar wa ta rufta, shanun wa suka ƙare a fari. Ni mai 'ya'ya uku, mai ba da umarni ga mata ashirin, na yi barci a wurin har da miyau. Agogona na cire na sa a jaka tun kwana na biyar, don babu mai tambayata ƙarfe nawa. Lokaci a can sunansa hantsi, ko sanda shanu suka dawo.

Wajen kwana na goma sha biyu, Adama, wata Bafillatana da muka yi wasan ƙasa tare, wadda take kawo mana nono, ta zo ba ƙwarya a kanta. Ɗiyarta ce take naƙuda tun jiya, haihuwar fari. Ba ta roƙe ni ba, ta dai tsaya. Inna ta dube ta, ta dube ni, ta ce in tafi amma in tuna akwai mai aikin a can. Na tarar da tsohuwar ungozomar ruga tana kanta, na duba na ga komai daidai yake, jinkiri ne kawai irin na fari. Sai na koma gefe na riƙe hannun yarinyar, ina yi mata magana. Ban taɓa yin haka ba a wurin aikina, babu lokaci, kana kan wannan ana kiranka ga waccan. Kafin la'asar ta sauka, ɗiya mace. Da jaririyar ta tsala kuka sai na ji tsigar jikina ta tashi, hawaye suka zubo mini. Adama ta yi ta yi mini dariya, wai ita ta ɗauka mu mutanen likita mun saba.

Kwana huɗu bayan haka wani jandarma ya zo a kan babur da takarda daga ofishin sufurfe, mai mulkin yankin Filinge. Saƙo ne aka aiko ta waya daga ma'aikatarmu. An sa sunana cikin waɗanda za a tura Faransa ƙarin karatu na shekara biyu, ana so in bayyana a Yamai cikin kwana uku in cika takardu. Shekara shida ina neman wannan tafiya. Wadda ta je ta dawo, ita za ta shugabanci dukan ungozomomin ƙasa, kowa ya san haka.

Garba ya rikice. Ya ce soja ba a ce musu sai an jima, wanda aka kira ya ƙi zuwa har danginsa sai sun ji a jikinsu. Ya tafi ɗaura wa jaki amalanke tun ban ce komai ba. Ni ma na shiga ɗaki na fara ninke kaya, hannuna yana yi da kansa. Inna ta shigo ta zauna bakin gado tana kallona. Na karanta mata takardar, na fassara, na yi mata bayanin girman abin. Ta tambaya shekara nawa, na ce biyu. Ta tambaya da wa za a bar ku, na ce da babanku da Hawa. Ta tambaya in na dawo aikin zai ragu ne, na ce a'a, ƙaruwa zai yi.

"Ni ban san Faransa ba," in ji ta. "Ba ni hana ki. Amma randa kika zo, da na ga tahiyarki daga nesa ban gane ki ba, na ɗauka wata tsohuwa ta. Yanzu na fara ganin ɗiyata. In kin tahi, ki tahi da sanin ba ki warke ba."

Ta tashi ta fita. Na zauna da zane a hannu na daɗe. Ba zan yi muku ƙarya in ce don ku kaɗai na fasa ba, ko da yake kallon Hadiza yana cikin abin da na auna. Gaskiyar ita ce na ji tsoron komawa matar da ta zauna a kan bencin nan, kuma ina son sauran kwana goma sha huɗun da suka rage mini kamar yadda mai ƙishirwa yake son ruwa. Na yagi takarda na rubuta cewa ina cikin hutun rashin lafiya bisa umarnin lokotoro, zan dawo ranar da ya cika. Garba ya kai Filinge yana ta salati a hanya.

Na cinye kwanakina har na ƙarshe. An gama girbi, na ga an cika rumbunan gidanmu a karo na farko bayan shekarun wahala, na ga Inna ta shafa jikin rumbu tana hamdala. Ranar da zan tafi na yi mata alkawari duk kaka zan zo in yi wata guda.

A Yamai na tarar an ba wata ƙanwata a aiki gurbin. Aka sa mini takardar gargaɗi a dosiye, wato fayil ɗina na aiki, wai rashin amsa kiran hukuma, bayan wata biyu kuma aka ɗauke ni daga babban gidan haihuwa aka kai ni wani ƙaramin wurin awon ciki a bakin gari. Shekara huɗu na yi a can. Wadda ta tafi ta dawo ta zama shugabata, mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa wulaƙanta ni ba, amma duk ranar da na shiga ofishinta na tsaya tana zaune sai na tuna takardar nan da jandarma ya kawo. Babanku bai taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya kawai, bayan shekaru, ya ce da na tambaye shi da ya ce in tafi, zai iya da ku. Na san zai iya. Ban tambaye shi ba, kuma wannan laifina ne, na yanke hukuncin da ya shafe mu duka ni kaɗai. Watakila shi ya sa da Hawa ta ce yaji ne bai musa ba.

Da a ce labarin ya tsaya nan, da sai in ce na yi hankali na biya kuɗinsa, shi ke nan. Amma ban riƙe abin da na koya ba. Kaka ta farko na je na yi kwana ashirin. Ta biyu na yi mako guda. Daga nan soja suka sassauta, aka shiga zamanin taron ƙasa da jam'iyyu, ƙungiyoyin waje suka cika gari suna neman irinmu. Aka dawo da ni cikin gari, aka fara kirana taron bita yau a Maradi, gobe a Wagadugu. Na ce bari in rama abin da na rasa. Konje ya koma lokacin da nake yin aikin wasu. Ina aika wa Inna shinkafa da sukari da zannuwa, duk mai zuwa Filinge sai na ba shi saƙo. Hajo ta ce zannuwan a cikin kwalla take tara su, ba ta ɗaurawa.

Ina kallonku yanzu ina ganin kaina. Hadiza, ke lokotoro ce, in na kira ki sai ki ce Mama ina zuwa, ki kashe. Abdu, kai ka kai iyalinka Dubai bara, ka aiko mini hotuna, a kowane hoto waya tana kunnenka ko tana hannunka. Mariyama ko ranar sunan ɗanta tana amsa saƙon ofis. Ban ce ku bar aikinku ba, ni na tura ku lakkwal, kuma ina alfahari da ku. Ina dai so ku sani hutun da ya taɓa yi mini magani bai ci jirgi ba, bai ci otal ba, kuma ba ya jiran mutum. Yau ni ce mai lokaci, tun da na yi ritaya ba abin da nake da shi sai shi. Amma hanyar ta lalace da rashin tsaro, 'ya'yan Garba sun kwashe sun koma cikin Filinge, an ce ɗakin da na kwana ya faɗi, gonar ma ba kowace shekara ake iya zuwa ba. Wani lokaci da hantsi nakan ji ƙanshin kara yana ƙonewa daga wani gida a unguwa, sai in rasa abin da nake yi.

Zuwana na ƙarshe Inna tana da rai, da bazara ne. Wata mota ta aikinmu za ta Abala, na roƙi direba ya ajiye ni ya ɗauke ni a dawowa. Na tarar idonta ya yi rauni ƙwarai, sai da ta shafa fuskata ta tabbata ni ce. Ba ta yi mini ƙorafin shekarun da ban zo ba. Ta dai tambaya kwana nawa na zo da su. Na ji kunya, na ce biyu.

"To, su ma kwana na," in ji ta. "Zamna mu fara cinsu."

Muka zauna. Ba ta iya kitso kuma, sai ta riƙe hannuna tana ba ni labari, wani ta maimaita shi sau biyu ban ce mata ta riga ta faɗa ba. Rana ta uku da safe mota ta yi oda a bakin gari. Ta ce sai ta raka ni, Hajo ta riƙe ta har bakin zaure. Na ce mata wannan karon da gaske nake, in an fara girbi zan zo in yi wata guda, na riga na gaya wa shugabata. Ta ce Allah shi kai mu.

Hatsi yana fid da kai aka aiko mini Dakar, ina tsakiyar wani taro, cewa ta rasu. Kafin in samu jirgi in iso an yi addu'ar uku. Garba ya ce in tsaya a yi girbi tunda ya kusa, damina ta yi kyau, rabon da a ga irinta an daɗe. Na ce masa ba zan iya ba. Na koma Yamai ranar da aka yi bakwai, kuma watan da na nema na wannan kaka, wanda aka riga aka sa mini hannu a kansa, a ɗakina na yi shi, ƙofa a rufe.